Kafin Ka Sayi Sola, Fara Lissafa Darenka



Bayan kakar bara, wani Baffana ya sayar da buhunan masara da tunkiya guda, ya hau mota daga ƙauyenmu da ke ƙaramar hukumar Shanono ya nufi birni. Da la'asar sakaliya sai ga shi ya dawo da farantan sola guda biyu ɗaure a saman mota, kowanne ya kusa kai tsayin mutum. Yara suka bi motar da gudu har ƙofar gida, maƙwabta suka fito ana ta sa albarka. Sai da aka gama sauke farantan sannan aka zaro batir daga ƙarƙashin kujera, wani ɗan madaidaici wanda yaro ɗan shekara 12 ya sunguma shi kaɗai ya shiga da shi zaure. Na ga abin na yi shiru, domin ba a tarar babba ranar murnarsa a ce masa ya yi kuskure.

Bayan wata huɗu ya kira ni a waya. Ya ce, "Ɗana, wannan abu naku da rana sai ka ce zai ƙone gida don wuta, amma kafin a gama cin tuwon dare ya ɗauke. To ni da rana ina lambu, me zan yi da ita?"

Na ce, "Baffa, da ka je shagon, me suka tambaye ka?"

Ya ce, "Sun tambaye ni nawa na zo da shi."

A nan ciwon yake. Mafi yawanmu da kuɗi a aljihu muke shiga shagon sola, ba mu shiga da lissafi a takarda. Shi kuwa mai shago abin da ke cika ido yake miƙo maka, kuma a kayan sola babu abin da ya kai faranti cika ido. Ra'ayina shi ne, duk wanda zai sayi ƙaramar sola a yanki irin namu, abin da yake biya wa kuɗi shi ne awannin da ke tsakanin magariba da asuba. Don haka daga dare ake fara lissafi, a zaɓi batirin da zai ɗauki daren, sannan a nemi farantin da zai cika batirin. Wanda ya juya wannan tsari, zai mallaki rufin ɗaki mai ƙyalli da tsakar gida mai duhu.

Abin da ya ƙara zaburar da ni shi ne wasu bidiyoyi da ke yawo a waya, na wata irin sola da ake ratayawa a barandar bene a ƙasar Jamus. Faranti ɗaya ko biyu ake ɗaurewa a jikin ƙarfen baranda, a bayansu akwai 'yar ƙaramar inbata da ba ta fi littafi girma ba, sai waya guda da ake jonawa a soket ɗin bango kamar yadda ake jona fanka. Shi ke nan, ba sai da batir ba, ba sai da mai haɗawa ba. Tun watan Mayun 2024 dokar ƙasar ta yarda inbatar ta riƙa tura har wat 800 cikin wayoyin gida, a da 600 ne, kuma zuwa tsakiyar 2025 an yi wa fiye da miliyan ɗaya rajista. Matasa da dama sun tambaye ni ko za a samu irinta a kasuwar Sabon Gari.

Ko an samu, kada ka saya, kuma dalilin yana cikin ƙirarta. Waccan 'yar inbatar ba ta iya tsayuwa da ƙafarta. Sai ta ji wutar layi a soket sannan ta ɗora tata a kai. Da zarar wutar layi ta ɗauke, ita ma nan take za ta mutu, ko da rana tsaka ce. Da gangan aka ƙera ta haka, don kada ta tura wuta cikin layin da ma'aikaci ke gyarawa a kan falwaya yana zaton babu komai a ciki, kada kuma ta ja wanda ya taɓa bakin fulogin da aka zare. Bajamushe bai damu ba, saboda wutarsa ba ta cika ɗaukewa ba. Burinsa ya rage kuɗin bil da rana, da dare kuwa layi na nan yana jiransa.

Mu fa? Hukumar NERC ta kasa masu shan wuta gida biyar, daga rukunin A da aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana, wanda aka ɗaga wa farashi zuwa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, har zuwa rukunin E mai awa 4. A yankin da KEDCO ke rarraba wuta, wato Kano da Katsina da Jigawa, ba sai an faɗa maka inda ƙauye yake faɗawa a wannan jeri ba, kuma akwai garuruwan da ko falwaya ba a kafa musu ba. Ba mu manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, aka yi fiye da mako guda cikin duhu har da birnin Kano. Janaretan da muke fakewa da shi kuwa, tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 ya zama kayan ado a gidaje da yawa. Ƙari a kan haka, wanda ba shi da mita, ake kawo masa bil na ƙiyasi, ko ya rage shan wutar layi babu abin da zai ragu a takardarsa. Ka ga kenan na'urar da aka ƙera don rage bil ba ta da aikin yi a gidansa.

Abin da ya dace da mu shi ne sola mai cin gashin kanta: faranti, kwantirola, batir, da kayan da za su sha wutar. Kuma maganar ta wuce jin daɗi. A ƙarshen 2025 hare-haren 'yan bindiga sun taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa da ke iyaka da jihar Katsina, kuma duk wanda ya kwana a irin wannan gari ya san darajar waya mai caji da ƙarfe biyun dare, da ƙwan fitila guda da ke ci a ƙofar gida. Ga mai naƙuda, ga ɗalibi mai jarrabawa, ga mu da muke rubutu a waya muna kallon jan layin batir yana barazanar cinye mana babi. Duk waɗannan buƙatun dare ne.

To yaya ake lissafa dare? Ɗauki takarda ka rubuta duk abin da kake so ya yi aiki. Kowane kayan wuta an rubuta yawan wat ɗinsa a jikinsa ko a kwalinsa. Ninka wat ɗin da yawan awannin da zai yi a kunne, abin da ya fito shi ake kira wat-awa. Ga misalin gida madaidaici:

Ƙwan fitila 4, kowanne wat 5, na awa 6: 120
Waya 4, kowacce kamar 25 a caji ɗaya: 100
Fanka mai shan wutar batir kai tsaye, wat 20, na awa 8: 160
Ƙaramin talabijin da dikodarsa, wat 40, na awa 3: 120
Jimla: wat-awa 500

Wat-awa 1,000 shi ne yunit ɗaya a mita, wato duk daren wannan gida rabin yunit ne kacal. Amma dubi abin da zai faru idan ka musanya fankar nan da fankar sama irin ta da, wadda ke shan wat 70 ko kusa da haka: a awa 8 ita kaɗai za ta sha 560, fiye da duk gidan gaba ɗaya. Dutsen guga na lantarki da hitar ruwa kuwa kowannensu yana kai wat 1,000 ko ya wuce. Waɗannan ba abokan ƙaramar sola ba ne, a bar wa gawayi aikinsa. Saboda haka nake cewa kayan sola na farko da ya kamata mutum ya saya su ne ƙwan fitila da fanka marasa shan wuta. Duk wat ɗin da ka rage a nan, ka rage shi a kuɗin batir, ka rage shi a kuɗin faranti.

Sai batir, wanda shi ne rumbun gidan. Manomi ya san ko gona ta yi albarka, idan rumbu ƙarami ne ko yana yoyo, kafin bazara za a koma awo. A jikin batir za ka ga lambobi biyu: bolt da Ah. Ninka su ka samu abin da yake ɗauka. Mai bolt 12 da 100Ah yana ɗaukar wat-awa 1,200 a rubuce. Sai dai idan na dalma ne, ko mai ruwa ko busasshe, rabin wannan kawai ya kamata ka riƙa ci, wato 600. Idan kana tatse shi ƙarƙaf kowane dare, ba zai daɗe ba zai fara gazawa. Kenan gidan da muka lissafa a sama, batirin dalma mai 100Ah dare ɗaya kacal zai ɗauke shi, babu rarar ranar hadari.

Batirin dalma ba ya iya ɓoye gaskiyarsa a kan sikeli, domin ƙarfinsa a nauyin dalmar yake. Mai 100Ah na gaske yana kai kilo 30 ko kusa da haka. Da muka ɗora na Baffa a sikelin masu sayen hatsi, kilo 18 ya yi, alhali an manna masa takardar 100Ah. Irin wannan batir kafin hantsi ya cika, sauran hasken ranar duk ya tafi a banza, da dare kuma kafin isha'i ya ƙare. Haka kuma kada a yaudare ka da batirin mota. An yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa na ɗan lokaci ya tayar da inji, ba don a yi ta jan sa a hankali har asuba ba.

Zafi ma maƙiyin batirin dalma ne. Abin da masana suka sani shi ne, duk ƙarin kusan digiri 10 a kan 25 yana raba tsawon rayuwarsa biyu. Ka tuna watan Afrilu a nan, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, sannan ka tuna yadda ɗakin kwano yake da azahar. Ka ajiye batir a ɗakin ƙasa mai sanyi da iska ke ratsawa. Idan mai ruwa ne, yana fitar da wata iska mai kama wuta lokacin caji, don haka a nisanta shi da murhu da ashana da ɗakin kwana, kuma ruwan batir tsantsa ake ƙara masa, ban da na rijiya ko na burtsatse.

Idan da hali, ni batirin litiyam nake ba da shawara, nau'in da aka rubuta wa LiFePO4. Ana iya cin kashi 80 cikin 100 nasa ko fiye ba tare da an cutar da shi ba, ba a ƙara masa ruwa, kuma masu ƙera shi na kirki suna ba shi caji 3,000 zuwa sama. Tunda dare ɗaya caji ɗaya ne, 3,000 ya haura shekara takwas. Kafin nan mai batirin dalma ya sake saye ba sau ɗaya ba. Amma a nan ma akwai tarko. Na gaske za ka ga an rubuta masa bolt 12.8. Idan ka ga 11.1, wani nau'i ne daban, irin na cikin kwamfuta, wanda ya fi saurin kama wuta, kuma akwai masu tattara tsofaffin ƙwayoyin batir su zuba a sabon akwati. Ka tabbata yana da na'urar kariya ta ciki da ake kira BMS, ka kuma karɓi garanti a rubuce da hatimin shago. Garantin baki ba ya wuce ƙofar kasuwa.

Yanzu ne muka zo kan faranti. Allah Ya hore mana rana: a wannan yanki ana samun abin da ya kai awa biyar zuwa shida na cikakken haske a yini, idan aka dunƙule. Ɗauki 500 ɗin nan ka ƙara mata kashi 30 cikin 100 na abin da ke salwanta a waya da batir da zafi, ta zama 650. Raba da biyar, ka samu wat 130. Kenan faranti mai wat 150 ya isa, mai 200 kuma ya ba ka kwanciyar hankali a marka, lokacin da hadari ke rufe sama kwana biyu a jere cikin Agusta. Baffa ya sayo wat 600 don gidan da 200 ta ishe shi, ya rage kuɗin a wurin da bai kamata ba.

Lambar da ke bayan faranti ma ana iya gwada ta, kuma tef ɗin tela ya isa. Farantan zamani suna ba da wat 200 zuwa 220 a kowace murabba'in mita. Auna tsawo da faɗi ka ninka. Farantin da tsawonsa mita ɗaya ne, faɗinsa rabin mita, ba zai wuce wat 110 ba, ko an rubuta masa 250 da ruwan zinare. Ka kuma sani cewa lambar gaskiyar ma a ɗakin gwaji aka same ta, farantin yana kan digiri 25. A kan rufi da rana yana iya kai digiri 60, kuma a wannan zafin yana rasa fiye da kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa. Haske yake so, zafi cutar da shi yake yi. Shi ya sa ba a shimfiɗa shi a kan kwano kai tsaye, sai a bar tazarar da iska za ta wuce ta ƙarƙashinsa.

Wurin kafawa ma yana cikin zaɓi. Muna kusan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka faranti ya fuskanci kudu da ɗan karkata kaɗan, kamar digiri 12 zuwa 15, yadda ruwa zai gangare. A guji inuwa, domin ƙwayoyin faranti a jere suke kamar sarƙa, reshen darbejiya guda da ya rufe gefe ɗaya zai iya karya ƙarfin gaba ɗayansa. A kafa shi inda hannu zai kai, saboda ƙurar hunturu tana kwanciya a kansa ta tare haske, sai ana goge shi da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe kafin ya ɗau zafi. A kuma ɗaure shi da noti, ba da igiya ko dutse ba. Iskar farkon damina da ke yaye rufin makaranta ba za ta ji nauyin faranti ba.

Tsakanin faranti da batir akwai kwantirola, ɗan akwatin da mutane suka fi rainawa. Shi ke hana batir cika ya wuce kima, shi ke hana a tatse shi har ya mutu. Iri biyu ne, PWM da MPPT. Na farko ya fi araha, kuma ya wadatar idan farantin ƙarami ne wanda aka yi don batir mai bolt 12, wato wanda aka rubuta wa kusan bolt 18 a bayansa. Amma babban faranti mai wat 300 yana aiki ne a kan bolt 30 da wani abu. Idan ka haɗa shi da batir mai bolt 12 ta hanyar PWM, kwantirolan zai janyo shi ƙasa zuwa bolt ɗin batir, abin da zai shiga bai fi wat 130 ba. Ka biya kuɗin 300, kana cin ƙasa da rabi. MPPT shi ke juya wannan rarar ta zama caji. Na gaske yana da nauyi saboda naɗin waya da ƙarfen sanyaya da ke cikinsa. Idan aka miƙo maka wani sakayau kamar kwalin ashana an rubuta masa MPPT, kuma kuɗinsa daidai da na PWM, to kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ga faranti mai wat 200 a kan bolt 12, kwantirola mai amp 20 ya isa, kuma idan batirinka litiyam ne ka tabbata yana da saitin litiyam.

Inbata fa? A nan zan saɓa wa da yawa daga cikin masu haɗa sola: ƙaramin gida ba dole ne ya sayi inbata ba. Aikinta ta mayar da wutar batir irin ta layi, kuma tana cin ladanta. Ko ba a jona mata komai ba, matuƙar tana kunne tana shan wuta, wata wat 10, wata 20 ko fiye. Wat 15 a awa 12 ya zama 180, ya fi abin da fitilu huɗun nan suka sha. Yanzu akwai ƙwan fitila da fanka da talabijin masu aiki da bolt 12 kai tsaye, kuma kwantirola da yawa suna da ramin cajin waya. Idan dole sai ka saya, saboda kwamfuta ko injin aski, nemi ƙarama daidai buƙata, mai fitar da wuta sumul irin ta layi. Gwajin mai sauƙi ne: a jona mata fanka a shagon, idan fankar ta kama gurnani, wutar tana da gargada, kuma a hankali za ta ƙona maka kaya. Kada kuma ka taɓa jona inbata a soket ɗin gidan da ke haɗe da layi ba tare da cenjoba ba, rai ake magana. Mai son firiza don sana'ar ƙanƙara ko kunun aya kuwa, wannan wani aji ne daban, ya nemi ƙwararre ya yi masa lissafinsa.

Saura waya da fiyus, inda ake yawan tsuke hannu. Wat 120 a kan bolt 12 amp 10 ne, alhali a wutar layi rabin amp ne kawai. Siririyar wayar da ta ishi ƙwan fitila a gidan birni za ta yi zafi a nan, ta cinye maka wuta a hanya. Sayi mai kauri, ka gajarta tazara tsakanin batir da kwantirola. Kankare bakin wayar da wuƙa: idan cikinta ja ne har ƙasa, jan ƙarfe ce, idan fari ya bayyana, alminiyam ce aka shafa wa launi. A sa fiyus dab da kan batir, domin batir ko ƙarami ne, idan wayoyinsa biyu suka haɗu zai iya tayar da gobara, kuma gidajenmu ga zana ga kara ga rumbu. Wajen haɗawa, batir ake fara jona wa kwantirola, sannan faranti.

Na san abin da wani zai ce: duk wannan maganar masu kuɗi ce, talaka abin da aljihunsa ya kai yake saya. Gaskiya ne litiyam da MPPT suna da tsada. Amma amsata ita ce, idan kuɗi ya gaza, a rage buri, kada a rage inganci. Fitila uku da cajin waya a kan ƙaramin batir na ƙwarai sun fi talabijin da fanka a kan batirin da zai mutu kafin damina. Araha ba ta ado, kuma talaka ne ya fi kowa rashin halin sayen abu sau biyu. Baffa tunkiya ya sayar, ba rarar albashi ba.

Akwai kuma hanyar haɗaɗɗun akwatuna da kamfanoni irin su Sun King da d.light da Lumos ke bayarwa a biya kaɗan-kaɗan. Amfaninsu shi ne an riga an daidaita faranti da batir da fitilu tun daga masana'anta, kuma akwai garanti. Sai dai kafin ka sa hannu, tambayi jimlar abin da za ka biya daga farko har ƙarshe, domin ta fi kuɗin hannu. Ka kuma tuna akwatin yana kulle kansa idan ba a biya ba, shi kuwa manomi kuɗinsa na kaka ne, ba na ƙarshen wata ba. Mai intanet zai iya duba sunan akwatin a jerin VeraSol, tsarin da ke gwada ingancin irin waɗannan kaya, wanda ya samo asali daga shirin Lighting Global na Bankin Duniya.

Wani kuma zai ce a jira gwamnati. Lallai ana motsi: Jami'ar Bayero ta samu tashar sola mai megawat 7.1 a 2019, an buɗe mai megawat 10 a Challawa a farkon 2023, kuma a Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin DARES da hukumar REA ke gudanarwa domin kai wuta karkara. Muna fata ya iso Faruruwa da Kokiya da Tsaure da Alajawa. Amma kafin ya iso, dare na zuwa kullum, kuma mutane suna sayen sola yau, da sani ko babu. Wanda kuma ya ce shi ba injiniya ba ne, ina tuna masa cewa duk lissafin nan ninkawa ne da rabawa. Mai iya ƙirga tiya nawa ke cikin buhu, ya san kwana nawa za ta kai gidansa, ya riga ya iya. Haɗa wayoyin a bar wa wanda ya koya, amma lissafin naka ne, kai za ka kwana a gidan.

Abin da muka yi wa Baffa ba wani abin mamaki ba ne. Ya sayar wa wani mai shagon caji faranti ɗaya da inbatar, ya cika kuɗi muka sayo batirin litiyam mai 100Ah da kwantirola MPPT mai amp 30. Muka sauke fankar sama muka kawo ta tsaye mai bolt 12, muka sa fiyus, muka mayar da batirin ɗakin soro. Rufin ya rage kwarjini, har wani maƙwabci ya tambaya ko karayar arziki ce ta zo. Da na je gaishe shi da Sallah, ya ce mini, "Ɗana, yanzu da haskenta nake alwalar asuba."

Don haka 'yan uwa, wanda ke da niyyar saye bana, yau da dare ya zauna ya rubuta layi biyar ɗin nan nasa: me zai kunna, wat nawa, awa nawa. Ya ninke takardar ya sa a aljihu tare da tef ɗin tela. Idan mai shago ya tambaye shi nawa ya zo da shi, sai ya miƙa masa takardar tukuna.

Wanda ya taɓa ƙonewa a wannan harka, ko mai sana'ar da ya ga inda na yi tuntuɓe, ina sauraron gyara. Allah Ya sa mu dace, Ya zaunar mana da garuruwanmu lafiya.